Muryar Yaya a Wayar Mutane

A gidanmu aka yi abin nan, ina ciki ina kallo, don haka ba zan ce an ce ba.

Yayata raino take yi. Matan da ke fita aiki su ke kawo mata 'ya'yansu da safe, da yamma su biyo su ɗauka. Falon gidan ta mayar ɗakin yara. Ta fitar da kujeru ta shimfiɗa ƙananan katifu, ta liƙe duk wani soket da ke bango, ta sa wa ƙofar kicin sakata can sama inda hannun yaro ba ya kaiwa. Ni na yi wa ɗakin fenti, don fenti ne sana'ata, kuma a ɗakin bakin ƙofa nake kwana tun da na zo koyon aiki. Kowa a layin Maman Yara yake ce mata, har mijinta. Ni kaɗai ke ce mata Yaya, ita kuma ta ce mini Auta, ko da yake gemu ya riga ya fito mini.

Yaya ba ta iya rubutu a waya ba, da murya take aikinta. In rana ta yi yaran sun kwanta, sai ta zauna a bakin katifa ta danna wayar ta yi wa kowace uwa bayanin ɗanta: ya ci, ya ƙi ci, ya yi barci, ya ciji wane, wane ya rama. Iyayen suna son abin, har su kunna wa abokan aikinsu a sha dariya. Saboda haka babu gidan da ba a san muryar Yaya ba a unguwar. Murya ce mai ɗan kauri, tana jan ƙarshen magana kamar mai lallashi.

To, sai jikinta ya fara ƙi. Barci ya ƙaurace mata, abinci ba ya shiga, hannunta na rawa, wani lokacin ka same ta zaune hawaye na zuba ba wanda ya taɓa ta. Maigida, mijinta ke nan, kayan wuta yake sayarwa, kuma ya yi tafiya sayo kaya, sai ni na raka ta asibiti. Suka tura mu wani ɓangare can bayan ginin, inda mutum yake sunkuyar da kai in ya hango idon sani. Likitar ta saurare ta da kyau, ta ce ciwon damuwa ne, ciwo ne kamar kowane ciwo, ana sha magani a warke. Ta rubuta mata ƙwayoyi, ta kuma ce kada ta kuskura ta bar aikinta, don yaran nan suna cikin abin da ke riƙe da ita. A hanyar dawowa Yaya ta kama hannun rigata ta ce maganar nan daga ni sai ita sai Maigida. Na ce to.

Maganin ya karɓe ta. Barci ya dawo, ta fara tsokanata kamar da, tana cewa fentin da ke kaina ya fi wanda nake shafa wa bangon mutane yawa. Muna cikin wannan sauƙin aka fara janye yaran.

Malamar makaranta ce ta fara. Ta aiko cewa kakar ɗanta, wanda muke kira Kumatu, ta zo, za ta riƙe shi na ɗan lokaci. Yaya ta ce Allah ya sa ta zo lafiya, ta ɗauke kofinsa daga jerin kofuna ta kife a saman firji. Ba wanda ya kawo komai a ransa. Sai da na wuce ta bayan layinmu na hango Kumatu a hannun wata yarinya da ita kanta ba ta wuce a raine ta ba, tana jijjiga shi yana tsala ihu. Ban ga wata kaka ba. Ban gaya wa Yaya ba.

Bayan malamar sai ma'aikaciyar banki, uwar tagwaye. Matar da kullum daga cikin mota take miƙo yara tana duba agogo, ranar nan sai ta shigo har ciki ta zauna. Ta leƙa kicin, ta taɓa sakatar ƙofa, ta tambayi inda ake ajiye wuƙaƙe, ta tambayi inda ake ajiye magunguna. Yaya na haɗa madara, idon matar na kan hannunta. Da za ta fita ta yi ta jan ƙafa, ta fita ta dawo wai ta manta mukulli, alhali mukullin na hannunta. Washegari tagwaye ba su zo ba. Yaya ta aika murya tana tambayar ko lafiya, wayar ta nuna an saurara, amsa ba ta zo ba.

Mai ɗinkin da ke kusa da mu ce ta fasa abin ba da niyya ba. Ta zo ɗaukar 'yarta, tana saɓa ta a kafaɗa ta ce, "Maman Yara, yanzu dai kina samun barci ko?"

Yaya ta ce tana samu, ta raka ta har ƙofa da fara'a. Da ta dawo ta tsaya a tsakiyar falo, tsumman goge baki a hannunta, ta dube ni ta ce, "Auta, wa ya gaya mata ba na barci?"

Daga ranar nan gidanmu ya zama gidan zargi.

Wadda aka fara ɗora wa ita ce matar da ke ba da kati a asibitin, mai buga sunayen mutane a kwamfuta, don a bayan layinmu take zaune, kuma ranar da muka je ta gaishe mu har da tambayar yara. Maigida ne ya kawo sunanta. Ya ce shi dama ya faɗa, duk abin da aka sa a kwamfuta ya zama na kowa, kuma tun farko bai so aka je wannan ɓangaren ba, wurin da in an gan ka sau ɗaya har ka mutu sunanka mai taɓin hankali. Yana maganar yana cin abinci, bai ɗago ba. Yaya ta daina amsa gaisuwar matar. Baiwar Allah ta biyo ta har ƙofa tana tambayar laifinta, Yaya ta ce ba komai ta rufe ƙofa.

Sai aka koma kan mai kemis, wai shi ya ga sunan ƙwayoyin ya gane. Sai kan yarinyar da ke zuwa wanke-wanke, wai ta ga kwalin magani a kwandon shara. Yaya ta sallame ta tana kuka, ita ma yarinyar tana kuka. Yaya ta koma ɓoye ƙwayoyin a cikin safa a ƙasan akwati. In baƙo ya yi sallama sai ta dubi bakinsa kafin ta dubi fuskarsa. In mata biyu suka tsaya a bakin famfo suna dariya sai ta saki labule.

Ni ma na samu rabona. Wata safiya ina ɗaure takalmi ta zo ta tsaya a kaina. Can ta ce ba zargina take ba, amma ta san samari da hira, ko a wurin aiki na taɓa cewa yayata ba ta da lafiya, ko da wasa. Na rantse mata. Ta ce ta yarda. Amma da yamma da na shigo tana waya, sai ta yi shiru har na wuce. Abin ya yi mini ciwo, sai dai ban riƙe ta ba. Mutumin da ba ya ganin wanda ke jifansa kowa ma abin tsoro ne a wurinsa.

Ranar komawarta asibiti ta zo, ta ce ba za ta ba. Na lallashe ta, ta ce in ta koma me zai rage da ba su kwashe sun kai waje ba. Maigida ya goya mata baya. Ƙwayoyin suka ƙare, ba a sayo wasu ba. Maimakonsu sai ya shigo da wasu kwalabe masu jan murfi, da wani baƙin ruwa a ciki mai warin saiwa, ya ce tun tuni wani abokinsa ya haɗa shi da mai maganin, an gwada an ga aikinsa. Yaya ta sha don ya ce ta sha. Cikinta ya yi ta murɗawa, barcin da ya dawo ya sake tafiya, hannun da ya daina rawa ya koma yi.

Kofunan saman firji suka yi ta ƙaruwa. Kowace uwa da nata dalilin: wannan an canja mata wurin aiki, waccan ƙanwarta ta gama makaranta tana gida, wata kuma ba ta ma ce komai ba, ta aiko a karɓi jakar ɗanta. Har aka wayi gari yaro ɗaya ya rage, wanda muke kira Sarkin Kuka, ɗan wata mai shara a ofis da ke fita tun gari bai gama wayewa ba. Yaya ta koma riƙe shi kamar ƙwai. Duk katifun tana shimfiɗa su kullum, ta kakkaɓe, da yamma ta naɗe.

A wurin aiki na ji abin. Muna hutun rana a wani gida da muke wa fenti, mai tayil yana kwance a kan buhun siminti yana latsa waya, yana wuce bidiyo ɗaya bayan ɗaya. Ina wanke buroshi sai na ji muryar Yaya a bayana. Har na juya ina neman ta.

Tana cewa ba ta barci, tana cewa wani lokacin sai ta ji kamar ta ajiye komai ta yi ta tafiya ba waiwaye, tana cewa ko ɗan mutane ta ɗauka hannunta rawa yake, tana tsoron kada wata rana ya suɓuce mata. Tana magana tana jan hanci. A bayan muryar kuma ga kukan yaro, kukan da ko a cikin barci na ji shi na san na Sarkin Kuka ne.

Mai tayil ya ce Allah ya raba mu da irin wannan, wai mace na gaya maka da bakinta za ta yar da ɗanka. Na ce ya ba ni wayar in gani. Shafin wani mai sayar da magani ne da ke kiran kansa Dakta. Ya sa hoton kwalabe masu jan murfi, muryar tana tafiya a ƙarƙashi, ya rubuta a sama cewa a saurari halin da wannan baiwar Allah take ciki kafin ta fara shan maganinsa. Karatuna ba nisa, amma na zauna na haɗa abin da mutane suka rubuta a ƙasa. Wasu addu'a, wasu dariya, wasu na tambayar kuɗin kwalba. Wata ta rubuta cewa wannan murya kamar ta san ta, ba mai rainon nan ba ce? Wata ta amsa mata cewa ita ma abin da ta ce ke nan, an turo musu a guruf ɗin iyaye.

Na ce wa ogana cikina ke ciwo, na tafi gida a ƙafa, don ina so hanyar ta yi tsawo.

Na same ta tana ba Sarkin Kuka ruwa da cokali. Na zauna a ƙasa na ce akwai abin da zan kunna mata, amma ta ajiye yaron tukuna. Ta kwantar da shi. Na nemo bidiyon a wayata na kunna, ba ta bari ya yi nisa ba ta ɗora hannu a kan wayar. Ba ta yi kuka ba. Ta zauna tana kallon bango, leɓenta na motsi, kamar mai bin sawun wani abu da ya ɓata. Can ta ce ranar da muka dawo daga asibiti ta yi wannan maganar, a nan bakin katifar, lokacin Maigida yana hanya, don ya san abin da likita ta ce.

"Shi kaɗai na tura wa, Auta. Farkonta ma sunansa na kira. Sun yanke."

Da la'asar Maigida ya dawo, da ledar lemo a hannu. Ni na kunna masa muryar. Ya saurara har ƙarshe yana girgiza kai, ya ce wannan aikin yaron da ya gyara masa waya ne, ɓarayin nan ba abin da ba sa kwashewa, gobe da safe zai je ya ci masa mutunci. Na ce to, amma kwalaben da ke hoton irin na ɗakin Yaya ne. Ya ce kwalba ai kwalba ce. Na ce har murfin. Sai ya juyo kaina, ya ce yaushe na yi girman da zan tsare shi da tambaya a gidansa, ni da har yanzu a tukunyarsa nake ci. Da can wasa muke yi da shi irin na miji da ƙanin mata, yana ce mini ɗan rakiyar amarya. Ranar babu wasa.

Yaya ta ɗago ta ce, "Maigida, dubi idona. Matar katin nan da na daina gaisarwa, da yarinyar da na kora, kana zaune kana kallo?"

Ya ajiye ledar. Ya ce to shi ne ya tura, sai me. Ya ce mai maganin ba ya ba da magani sai ya ji ciwon daga bakin mai shi, haka tsarinsa yake, shi kuma ya san in ya tambaye ta ba za ta yarda ba, ga kuma muryar a wayarsa a shirye, me zai hana. Ya ce bai sa sunanta ba, bai sa hotonta ba, ina shi ina sanin mutumin zai ɗora a shafi. Ya ce da ya gani ya yi shiru ne don kada hankalinta ya ƙara tashi, a zatonsa abin zai wuce kamar yadda komai na waya yake wucewa. Ya ce lafiya yake nema mata, ba wani abu ba, mazan wasu ko tambayar jikin matansu ba sa yi. Ya ƙare da cewa ita matarsa ce, ciwonta ciwonsa ne, bai ga inda aka ce sai ya nemi izini kafin ya nemi wa iyalinsa magani ba.

Duk wannan a tsaye ya faɗe shi, da murya mai taushi, kamar shi aka yi wa laifi. Ban ji kalmar haƙuri a ciki ba. Na saurara da kyau ko za ta fito, ba ta fito ba.

Washegari ya kira yayarsa, wadda muke ce wa Anti Babba, ta zo sasanci. Ta zauna a kan katifar yara ta miƙe ƙafa, ta ce ta ji komai, kuma ita ba ta ga abin tashin hankali ba. Kuskure ne na mai ƙauna. Ta ce Yaya ta gode wa Allah da ya ba ta mijin da ke yawon nema mata magani, ta ce ai ciwo ba a ɓoye shi, ga shi yanzu mutane ko'ina suna yi mata addu'a. Sannan ta rage murya ta ce ita ma Yaya da nata, mace mai hankali ba ta zuba irin wannan magana a waya, da ta jira ya dawo ta gaya masa a ɗaki. Ni na ce to yanzu ya za a yi a cire abin. Anti Babba ta ce yauwa, ga maganar da ya kamata a yi tun ɗazu.

Maigida ya kira mai maganin ya sa a sifika. Mutumin yana da daɗin baki, sai addu'a yake jerowa. Ya ce shi bai saci muryar kowa ba, maigidanta ne ya turo da hannunsa, kuma duk wanda ya turo ya san da irinsu ake ƙarfafa wa sauran marasa lafiya gwiwa. Ya ce ko ya cire ma ba amfani, ta riga ta shiga wayoyin da shi kansa bai san iyakarsu ba. Amma akwai hanya mai sauƙi. Hajiya ta sake yin wata murya ta ce ta sha magani ta warke sarai, shi kuma ya ɗora, duk wanda ya ji ta farko ya ji ta biyu, magana ta mutu.

Na ce kada ta yi. Na ce mutumin nan talla yake nema, kuma har yanzu mutane zato suke yi, ba wanda ya tabbatar ita ce. Maigida ya ce in rufe masa baki, shawarar manya ake yi. Anti Babba ta ce ita dai ta ga hikima a ciki, in iyaye suka ji ta warke me zai hana su dawo da 'ya'yansu. Yaya ta ce a bar ta ta yi tunani.

Da yamma mai shara ta zo ɗaukar Sarkin Kuka. Ta tsaya a bakin ƙofa tana murza gefen mayafinta, ta ce akwai maganar da take ta so ta yi. Ta ce ita ta daɗe da jin muryar nan, kuma ta ji kukan ɗanta a ciki, uwa ba ta ɓata kukan ɗanta. Amma ta ce wa mijinta ba shi ba ne, yara duk kukansu ɗaya, murya kuma tana kama da murya. Ta ce ita ba ta taɓa ganin abin ƙi a wurin Maman Yara ba, ɗanta ƙiba ma yake yi. Sai dai mijin ya rantse, ranar da ya tabbatar, yaron ya bar gidan nan. Yaya ta ce ta gode, ta miƙa mata jakar.

Na ɗauka wannan maganar za ta hana ta. Ashe ita ta wani gefen ta ji ta. Abin da ya zauna mata shi ne, in dai har mutane sun riga sun gane, gara su ji ta warke. Kuma Maigida bai bar ta ta huta ba, da safe magana, da rana waya, wai yana so ya gyara abin da ya ɓata, ita ce take hana shi. Ga rashin barci, ga ɗaki ba yara sai ɗaya. Ranar da na dawo daga aiki na tarar an yi an gama, ta ce mini, "Auta, so nake in sake jin hayaniya a ɗakin nan. Ko ƙarya ce zan faɗa."

A cikin muryar na ji yadda aka yi: Maigida ne ya riƙe wayar da aka ɗauka. Ta kasa farawa, sai ya ce mata, yadda ya saba ce mata kullum, "Yi magana mana, Maman Yara, ana ɗauka." Sannan ta ce ta sha magani, ta warke, tana barci, hannunta ya daina rawa, tana godiya. Ya tura yadda take, bai saurara ba. Mai maganin ma bai yanke komai ba a wannan karon, har da sunan da Maigida ya kira. Ya haɗa ta farko da ta biyu a bidiyo ɗaya, ya rubuta a sama cewa ga Maman Yara kafin magani, ga ta bayan magani.

Abin da ake raɗa a bakin famfo ya zama abin da ake kunnawa a shagon aski. Waɗanda ba su ji ta farko ba suka ji ta yanzu, da suna a kai. Ba uwar da ta dawo da ɗanta. Wadda ta ji mace ta ce tana tsoron yaro ya suɓuce mata, ba kwalba mai jan murfi ce za ta kwantar mata da hankali ba.

Mijin mai shara da kansa ya zo. Bai shigo ba, daga waje ya ce a miƙo masa kayan yaron. Matar tana bayansa da Sarkin Kuka a kafaɗa, ba ta iya ɗago ido ba. Yaron ya hango Yaya ya miƙo hannu yana zillo, uban ya ce su wuce. Yaya ta haɗa jakar da kanta, ta sa har da ɗan cokalin da yake so, wanda nata ne ba nasu ba. Ta tsaya a ƙofa har kukansa ya daina isowa.

Maigida ya ce shi dai ya yi iya ƙoƙarinsa, mutanen unguwar nan ne ba su da imani. Ya ce ta huta ma, dama rainon nan wahala ce, shi bai gaza ciyar da ita ba. Bayan kwana kaɗan ya sa aka dawo da kujerun falo, aka jingine katifun a bayan gida. A waje kuwa yabonsa ake yi. Na ji da kunnena wani dattijo yana ce masa Allah ya saka masa, ba kowane namiji ke zama da mace mai irin wannan lalura ba. Ya sunkuyar da kai ya ce ai amana ce.

Sai da ta kai Yaya ba ta fitowa daga ɗaki sannan ya yarda na mayar da ita asibiti. Muka wuce ta gaban matar katin, ta miƙo mana katin da hannu biyu, ta ce Allah ya ƙara sauƙi, ba ta ƙara komai ba. Yaya ta karɓi katin ta wuce kai a sunkuye.

Likitar ta gane ta. Ta jawo kujera kusa, ta ce an daɗe ba a gan ta ba, ta ga ta rame, ta gaya mata duk abin da take ji, kada ta rage komai, don da abin da ta faɗa za a san maganin da za a ba ta. Na matsa gefe don ta sake. Yaya ta dubi likitar, ta dubi wayar likitar da ke kife a kan tebur, ta dubi kwamfutar da ke gefe, ta dubi ƙofa, ta dube ni. Ta tura hannayenta ƙarƙashin mayafi.

"Ba komai, likita," ta ce. "Lafiyata ƙalau."

Likitar ta tambaya ta nan, ta tambaya ta can. Barci fa? Tana yi. Abinci fa? Tana ci. Likitar ta sa wayarta a aljihun tebur ta rufe, ta ce in fita in ba su wuri. Na fita na zauna a benci na daɗe. Da aka kira ni, likitar ta girgiza mini kai a hankali.

A hanyar gida wayata ta yi ƙara. Maigida ne. Ya ce yaya aka yi, me likita ta ce, in gaya masa komai dalla-dalla, ai ya kamata ya sani. Na dubi Yaya, tana kallon titi ta tagar mota. Na ce masa ba ni da abin da zan gaya masa, in yana so ya sani ya tambayi mai ciwon, in ta ga dama ta faɗa. Ya fara faɗa, na kashe wayar na sa a aljihu.